Ƙara Soket a Ɗakin Girki: Abin da Ya Kamata Magidanta Su Sani

Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin Gombe ya yi ta bunƙasa, gidaje suna ƙaruwa, kayan amfani na cikin gida su ma suna ƙaruwa. Amma gidaje masu yawa a tsofaffin unguwanni irin su Jekadafari da Bolari da Herwagana da Tudun Wada an sa musu wayar lantarki ne tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972. A wancan lokaci abin da ake bukata bai wuce ƙwan fitila da fanka da rediyo ba, sai ko dutsen guga. Girki kuwa da itace ake yinsa, ko da gawayi, ko da risho mai kananzir. Saboda haka ɗakin girki soket ɗaya ake sa masa, wani ma ba ya samun ko ɗaya.

Yau al'amari ya sake. Amarya kan shiga ɗakinta da firji da butar lantarki da injin markaɗe da risho na lantarki, wata har da na'urar ɗumama abinci da firiza. Duk waɗannan kaya fulogi gare su, soket kuwa ɗaya ne a bango. Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su sayo doguwar wayar jone mai bakuna huɗu ko biyar, su cusa kome a cikinta. Wasu kuma su kirawo yaro mai koyon gyaran wuta ya jawo waya daga makunnin fitila, ya kafa sabon soket. Dukan hanyoyin nan biyu suna jawo gobara. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a yadda ake yin wannan aiki bisa ƙa'ida. An ɗauki misalai daga garin Gombe, amma bayanin ya shafi kowane gari a Nijeriya.

Lissafin da ya kamata a fara yi

Wutar da ake kawowa gidaje a ƙasar nan ƙarfinta bolt 230 ne. Kowane kayan lantarki kuma akwai 'yar takarda ko rubutu a gindinsa ko a bayansa mai nuna yawan wat ɗin da yake ci. In aka raba adadin wat da 230, sai a sami yawan wutar da za ta bi ta cikin waya, wadda ake aunawa da amfiya. Alal misali, butar lantarki mai wat 2,200 tana jan amfiya kusan 10. Risho mai kai ɗaya na wat 1,500 yana jan amfiya 6 da rabi. Na'urar ɗumama abinci mai cin wat 1,200 tana jan fiye da amfiya 5 kaɗan. Firji kuwa, duk da girmansa, ba safai yake kai amfiya ɗaya ba sa'ad da yake aiki, sai dai yakan fizgi wuta mai yawa na ɗan lokaci a duk sa'ad da injinsa ya tashi. Ƙa'idar da za a riƙe ita ce, duk abin da aikinsa kawo zafi ne, shi ne mai cin wuta.

Soket mai ramuka uku masu kusurwa, wanda aka fi amfani da shi a Nijeriya, irin na Ingila ne, kuma an yi shi ya ɗauki amfiya 13, watau kimanin wat 3,000. Wayar jone, kome yawan bakunanta, ta baki ɗaya take shan wuta, saboda haka ba za ta wuce amfiya 13 ɗin nan ba ko da mai kyau ce. Masu arahar da suka cika kasuwa kuwa, siririyar wayar da ke cikinsu sau da yawa ba ta iya ɗaukar ko rabin haka.

To, a ɗauka watan azumi ne, gab da shan ruwa, an kawo wuta. Uwargida ta ɗora ruwan kunu a buta, ta ɗora miya a risho, ta sa ragowar abinci a na'urar ɗumamawa. Wat 2,200 da 1,500 da 1,200 sun tashi 4,900, watau fiye da amfiya 21, tun ba a lissafa firji da firiza da injin markaɗe ba. In duka a wayar jone ɗaya suke, an ɗora mata fiye da abin da za ta iya nesa ba kusa ba. Wani abin lura kuma shi ne, zafin da waya take yi ba daidai da ƙarin wuta yake ƙaruwa ba. In wutar da ke bin waya ta ninka sau biyu, zafinta ninkawa yake yi sau huɗu. In ta ninka sau uku, zafin ya ninka sau tara. Shi ya sa wayar da ta shekara tana aiki lafiya takan narke cikin 'yan mintoci ran da aka ƙara mata abu ɗaya tak.

Akwai alamun da ke nuna cewa an riga an yi wa layi yawa: fulogi ya yi zafi har ba a iya riƙe shi, ko bakin soket ya yi baƙi ko ruwan ƙasa, ko a riƙa jin wari irin na roba mai ƙuna, ko a ji soket yana ƙara kamar ana suya, ko fitila ta dushe duk sa'ad da aka kunna buta. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, lalle ya daina amfani da soket ɗin nan take.

Kaurin waya da abin da ke tsaronta

Ana auna kaurin waya da faɗin jan ƙarfen da ke cikinta, masu sana'a kuma suna kiranta da lambarta kawai. Waya mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka. Mai lamba 2.5 ita ce ta soket. Mai lamba 4 ta layin soket ce mai nauyi ko mai nisa. Mai lamba 6 kuwa ta babban murhun lantarki ce mai tanda, wanda tilas ne a ja masa nasa layi shi kaɗai, da nasa makunni na musamman a bango.

Kowane layi yana tasowa ne daga akwatin raba wuta, inda yake da fis ko bireka. Mutane da yawa suna zaton bireka kayan wuta take tsarewa. Ainihin aikinta shi ne tsaron wayar da ke cikin bango: ta yanke wuta tun waya ba ta yi zafin da zai narkar da robarta ba. Saboda haka girman bireka bisa kaurin waya yake. Layin fitila mai waya 1.5 ana sa masa ta amfiya 6 ko 10. Layin soket mai waya 2.5 wanda ya miƙe daga akwati ya ƙare a soket na ƙarshe ana sa masa ta amfiya 16 ko 20. In da waya mai lamba 4 aka yi shi, ana iya kai wa 32, gwargwadon yadda aka shimfiɗa wayar.

Daga nan ne za a gane illar jawo soket daga makunnin fitila. Wayar siririya ce, an kuwa ɗora mata buta da risho. In bireka tana da kyau sai ta riƙa faɗuwa, maigida ya gaji, ya ce a sa masa babba. Da zarar an cire ta amfiya 10 an sa ta 32 a kan waya mai lamba 1.5, to, an kawar da mai gadi ke nan. Wayar za ta ƙone a cikin silin, bireka tana tsaye ba ta motsa ba. Haka nan ga masu tsohon akwati mai fis, waɗanda in fis ya tsinke sukan naɗa masa kaurarar waya, har ma da ƙusa. Faɗuwar bireka ba lalacewa ba ce. Tana faɗa wa mai gida ne cewa kaya sun yi yawa, ko kuma akwai matsala a layin.

Akwai wani tsari da aka gada daga Ingila, wanda ake samu a gidajen gwamnati da gidaje da dama na zamani, watau layi mai zagaye. Waya mai lamba 2.5 takan fita daga akwati, ta bi soket-soket duka, sa'an nan ta komo akwatin, ta haɗu da mafarinta a bireka ɗaya ta amfiya 32, ko fis na 30 a tsofaffin gidaje. Wuta tana zuwa ta fuska biyu, shi ya sa siririyar waya ke iya aiki da babbar bireka. Ana iya ƙara soket a irin wannan layi ta hanya biyu. Ko dai a buɗe zagayen a shigar da sabon soket cikinsa, wannan kuwa shi ya fi. Ko kuma a fitar da reshe daga wani soket na zagayen. Amma reshe soket ɗaya kaɗai aka yarda ya ɗauka, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, kuma ba a fitar da reshe daga jikin reshe, sai fa in an sa ƙaramin fis na amfiya 13 a mafarinsa. Haɗarin wannan tsari shi ne, in wanda bai san shi ba ya yanke zagayen bai mayar ba, kome zai ci gaba da aiki kamar dā, ba wanda zai lura, alhali kowane ɓangare ya zama waya 2.5 ita kaɗai a ƙarƙashin bireka ta 32. Don haka dole ne a auna a tabbatar da irin layin da ke gidan kafin a taɓa shi.

Ga mafi yawan gidaje, shawarar da ta fi dacewa ita ce kada a raɓa ɗakin girki a jikin layin wani ɗaki. A ja masa sabon layi daga akwatin raba wuta, da tasa bireka. In da hali, firji da firiza su ma a ware musu nasu, don kada matsalar buta ta kashe su da dare, a wayi gari nama ya lalace.

Zafin gari da nisan waya

Akwai abin da masu gyaran wuta da yawa ba su lura da shi, ga shi kuwa ya shafi Gombe da sauran garuruwan Arewa ƙwarai. Adadin wutar da littattafan sana'a suka ce kowace waya za ta ɗauka an lissafa shi ne a kan zafin iska na digiri 30. Waya mai lamba 2.5 a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 24 a wannan yanayi. In zafi ya kai digiri 40, kamar yadda yake yi a Gombe a watannin Maris da Afrilu, abin da za ta ɗauka ya sauko zuwa kimanin 21. A cikin silin kuwa, ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, inda zafi kan kai digiri 50, ya sauko zuwa 17. Ke nan bireka ta amfiya 20 ba ta tsare wayar da ta bi ta irin wannan wuri ba. Sai dai a sa ta 16, ko a yi amfani da waya mai lamba 4. Haka kuma in aka cusa wayoyin layi biyu ko uku cikin bututu ɗaya, kowace tana ɗumama 'yar'uwarta, ƙarfinsu ya ƙara raguwa.

Nisa ma yana da nasa tasiri. A gidajenmu na gargajiya madafa ba a jikin ɗakunan kwana take ba, can gefen tsakar gida take, mita kuwa tana zaure ko a bangon waje. Waya mai lamba 2.5 da ke ɗauke da amfiya 20, in tsawonta ya kai mita 30, kusan bolt 11 ne ke zubewa a hanya. Mai lamba 4 kuwa ƙasa da bolt 7 za ta zubar. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni tun daga taransifoma, wannan bambanci shi ne tsakanin firjin da ke tashi da wanda ke gurnani har injinsa ya ƙone.

Ba daidai ba ne a ratayo waya mai laushi daga ɗaki zuwa madafa, ta ƙetare tsakar gida a kan ƙusa ko reshen darbejiya. Rana tana busar da robarta ta tsattsage, ruwan sama ya shiga, ga yara, ga masu shanya. Wayar da za ta ƙetare fili sai a binne ta, mai sulke ko kuma cikin bututu mai ƙarfi, zurfin kamar rabin mita, a shimfiɗa alama a samanta domin mai haƙa na gaba. In bangon na ƙasa ne, a bi samansa da bututu a ɗaure sosai, a toshe bakunansa saboda ɓera da gara. In madafar rumfa ce wadda feshin ruwa ke shiga, soket mai murfi ake sa wa, irin wanda aka yi domin waje.

Inda za a kafa soket

Soket ya kasance sama da teburin aiki da kamar santimita 15, don kada wayar fulogi ta lanƙwashe ko ruwan da ya zube ya kai gare shi. Ya nisanci bakin wurin wanke-wanke da aƙalla santimita 30. Kada a kafa shi bisa murhu, inda tururi da maiƙo za su riƙa dukansa, mai girki kuma ta riƙa miƙa hannu ta kan wuta. Kada kuma a kafa shi kusa da tukunyar gas, domin ƙyastuwar da ke fita sa'ad da ake zare fulogi ta isa ta kunna iskar da ta tsiyaya. Na firji a sa shi inda hannu zai kai ba sai an ja firjin ba.

Wayar da aka binne a bango ta miƙe sama ko ƙasa ko gefe daga soket, kada ta yi karkace. Dalili shi ne, bayan shekara biyar ba wanda zai tuna inda ta bi, mai kafa ƙusar rataye kwando kuwa da ganin soket zai san layin da zai kauce wa. Game da yawansu, gara a lissafa kayan da ake da su a ƙara biyu. Kuɗin soket ɗaya lokacin aiki bai kai na sake fasa bango ba. Sai dai a sani, soket mai baki biyu ba a yi shi don ya ɗauki manyan kaya biyu masu amfiya 13 a lokaci guda ba. Buta da risho a raba musu wuri.

Wayar ƙasa da na'urar tsaron rai

Wayoyi uku ne ke shiga kowane soket. Ɗaya mai kawo wuta, ɗaya mai mayarwa, ta uku kuma wayar ƙasa, wadda ke haɗa jikin ƙarfen kayan aiki da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. A tsohon tsari, wanda har yanzu ake amfani da shi a ko'ina cikin ƙasar nan, mai kawo wuta ja ce, mai mayarwa baƙa, ta ƙasa koriya. A sabon tsari mai kawo wuta ruwan ƙasa ce, mai mayarwa shuɗiya, ta ƙasa kuma kore da rawaya. A gidan da ke da layi uku abin yana da rikitarwa, domin shuɗiya a tsohon tsari mai wuta ce, baƙa kuma a sabon tsari mai wuta ce. Saboda haka ba a dogara da launi. Aunawa ake yi.

Sau da yawa akan buɗe soket a tarar ramin wayar ƙasa wayam, an bar ta don a rage kuɗin waya. Kayan za su yi aiki, gaskiya ne. Amma ranar da waya ta goge a cikin firji ta taɓa jikinsa, wutar ba ta da hanyar bi sai ta jikin wanda ya taɓa shi, mai girki kuwa hannunta a jiƙe yake, sau da yawa kuma ba takalmi a ƙafarta. Duk firjin da ke ɗan jan mutum in an taɓa shi, shaida ce cewa wayar ƙasa ba ta aiki.

Ƙasar Gombe mai rairayi ce a wurare da yawa, tana kuma bushewa ƙwarai da rani. Busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka sandar da ta yi aiki da damina tana iya kasawa a watan Maris. Akan zuba gishiri da gawayi a ramin domin a taimaka mata. Wannan yana aiki na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfen, ruwan sama kuma yana wanke shi. Abin da ya fi shi ne a zurfafa sandar, ko a kafa biyu ko uku nesa da juna a haɗa su, a wuri mai danshi, sa'an nan a auna da na'ura, a kuma bar mahaɗinta inda za a iya dubawa.

Ko da wayar ƙasa tana da kyau, bireka ta amfiya 20 ba za ta ceci mutum ba, domin wutar da ke tsayar da zuciya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba. Saboda haka aka yi wata na'ura da ake kira RCD, wadda ke gwada wutar da ta fita da wadda ta komo. In ta ga bambanci, watau wuta tana zurarewa ta wani wuri, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Wadda ta dace da ɗakin girki ita ce mai rubutun 30mA a jikinta. Tana da ɗan maɓalli na gwaji wanda ya kamata a riƙa dannawa aƙalla sau ɗaya a wata shida. In an danna ba ta faɗi ba, a sake ta. Cikin dukan kuɗin da za a kashe a wannan aiki, babu wanda ya fi nata amfani.

Sayen kaya

Jabun waya ta yi yawa a kasuwanni. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali ba ta kai ba. Akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom kuwa ba ya ɗaukar yawan wutar da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa a wurin ɗauri. A kankare bakin wayar da wuƙa: in cikinta ya fito fari, ba jan ƙarfe ba ne. In maganaɗisu ya kama ta, baƙin ƙarfe ne aka rina. Nauyin naɗin ma yana nunawa, gama ta gaskiya ta fi nauyi a hannu. A nemi wadda ke da sunan kamfani da lambarta a buge a jikin robar, da tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, watau SON, a kuma karɓi rasit. Haka nan soket da bireka: a duba bayansu a ga sukurorinsu na tagulla ne masu kauri, ramukan soket kuma suna da 'yan ƙofofin da ke hana yara cusa abu. Maigidan da ya ba mai aiki kuɗi dunƙule ya ce ya sayo kome, ya kamata aƙalla ya ga kayan da idonsa kafin a binne su.

Wanda zai yi aikin

Wannan ba aikin da maigida zai yi da kansa ba ne, ba kuma na yaron da bai gama koyo ba. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke da alhakin duba ayyukan sa waya da ba masu wannan sana'a takardar shaidar ƙwarewa. Mai gida yana da ikon ya ce a nuna masa wannan takarda. Kamfanin rarraba wuta na Jos, watau JED, wanda ya karɓi aiki a 2013 yake kuma kula da jihohin Filato da Bauchi da Binuwai da Gombe, shi ke da mita da abin da ke gabanta. Ba a taɓa mita, ba a cire hatiminta, ba a kuma jawo layin girki ta bayanta. Yin haka satar wuta ce, laifi ne ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023, ban da cewa irin wannan layi ba shi da wani abin da ke tsaronsa. In kayan da za a ƙara suna da yawa har ana shakkar ko wayar da ta shigo gidan za ta ɗauka, sai a tuntuɓi ofishin kamfanin. Ɗan haya kuma ya nemi yardar mai gida tukuna, musamman inda ɗakuna da yawa ke shan wuta ta waya ɗaya.

Wani kuskure da ya ci rayukan masu sana'a shi ne yin aiki don an ga an ɗauke wuta. Ba wanda ya san lokacin da za a maido ta. Tilas a kashe babban makunni, a cire fis a riƙe shi a aljihu ko a kulle akwatin, a kashe janareta, a kuma raba inbata da layin, domin gidan da ke da sola da batir wuta na nan a wayoyinsa ko da gari duka ya yi duhu. Bayan haka a auna da na'urar da aka tabbatar tana aiki. Ɗan sukundireba mai fitila ba abin dogara ba ne. Tun da an ambaci inbata, ya kamata a faɗa wa mai aiki ya ware soket ɗin buta da risho daga layin da inbata ko ƙaramin janareta ke ɗauka. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba, ko buta ɗaya ba zai iya da ita ba.

Kowane haɗi a yi shi cikin akwati mai murfi, da abin ɗauri mai sukuru. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif a jefa cikin silin shi ne mafarin gobara da yawa, gama haɗin da ya saki yana yin zafi ko da kayan da ke kansa ba su da yawa, bireka kuma ba ta ganinsa.

In tsautsayi ya auku

In wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni. In ya yi nisa, a ture shi da busasshen itace, mai turewa yana tsaye a wuri busasshe. In ba ya numfashi a fara danna ƙirjinsa, a nemi taimako. Ba a ɗura masa madara ko ruwa, domin suna iya shaƙe shi. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti, gama wuta takan rikita bugun zuciya ta kuma ƙona tsoka a ciki ba a gani. In gobara ce ta tashi daga soket, a kashe wutar gidan tukuna, kada a watsa ruwa muddin akwai wuta a layin; a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda, a fitar da yara, a kira 'yan kwana-kwana. Lambar neman agajin gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

Kafin a biya kuɗin aiki

Kunna fitila a ga ta kama ba shi ne gwaji ba. Ƙwararren mai aiki zai auna ya tabbatar wayar ƙasa ta kai kowane sabon soket ba tsinkewa, mai kawo wuta tana ramin dama, makunni kuma ita yake yankewa ba mai mayarwa ba. Zai gwada lafiyar robar wayoyi da na'ura mai bolt 500, ya auna sandar ƙasa, ya kuma gwada saurin faɗuwar RCD. Maigida ya nemi a rubuta masa sakamakon a takarda, da kwanan wata da sunan mai aikin da lambar shaidarsa, ya ajiye tare da takardun gida. A rubuta sunan sabon layin a jikin birekarsa cikin akwati, a kuma nuna wa uwargida da manyan yara inda babban makunni yake da yadda ake kashe shi. Cikin makon farko a riƙa taɓa fuskar kowane sabon soket bayan an yi amfani da buta ko risho. In an ji ya yi zafi, a kashe layin a komo da mai aikin ya sake ɗaure sukurorinsa.